Layin famfo da ƴan pale: shekara huɗu na neman tsaro a wata unguwar Damagaram

Wannan bayani ya bi sawun unguwa ɗaya daga bazarar 2020 zuwa daminar 2024. An sakaya sunan unguwar da na mutanenta, domin samarin da abin ya shafa suna nan da ransu: wasu sun yi aure, wasu suna wajen sana'a, wasu suna gidan kaso.

## Unguwar da ruwanta

Unguwar tana gefen birnin Damagaram, inda filoti ke ƙarewa gonaki su fara. Gidajenta sun kai 400. Rabin da ke kusa da kwalta an yanka shi filoti, akwai layuka masu faɗi da gidajen bulo. Ɗaya rabin kuwa ya tashi ne da kansa, mutum ya samu sarari tsakanin duwatsu ya kafa, har lungunan suka zama waɗanda mota ba ta iya ratsawa. Mafi yawan mazauna wannan rabin sun taso ne daga ƙauyukan Mirya, Matamaye da Tanut a shekarun da damina ta gaza. Mazan ƴan ga-ruwa ne, masu fasa dutse, ƴan kabu-kabu da masu saida man ruwa-ruwa a kwalba, wato fetur ɗin da ake shigo da shi daga Najeriya ta bayan fage. Matan kuma suna wankau da daka da tallar abinci.

Wanda zai fahimci lamarin sai ya fara da ruwa. Damagaram a kan dutse take zaune, ruwan da take sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga Ganaram. Da bazara, idan buƙata ta yi yawa, unguwannin gefe su ne ƙarshen samu. A wannan unguwa ruwa yakan iso famfo tsakanin ƙarfe 1 da ƙarfe 4 na dare, ya ɗauke kafin a fito sallar asuba. Famfunan jama'a uku ne. Wanda ya fi kawo ruwa yana can ƙasa, kusa da wani tsohon rami da aka haƙi ƙasar gini, kuma hanyar zuwa gare shi mita 300 ce ta duhu tsakanin duwatsu.

Sai ƴan pale. Kowa a Damagaram ya san bambancin fada da pale, ko da yake baƙo yakan haɗa su. Fada wurin shayi ce da karta da adashe da taya juna aikin biki. Pale tana da shugaba da iyakar ƙasa da suna na tsoratarwa, tana da wurin ɗaga ƙarfe inda ake zuba siminti cikin gwangwani a soka ƙarfen mota, kuma a cikinta ake samun adda da wuƙa da tiramol da sholisho. Birnin ya ga ƙarfin taron matasa a tarzomar Disamba 2011, kwanaki kaɗan bayan buɗe matatar man SORAZ mai tace ganga 20,000 a rana, wadda samari da yawa suka ɗora wa burin samun aiki. Ya sake gani ranar 16 ga Janairu 2015, lokacin da aka ƙone coci-coci da cibiyar al'adun Faransa da Nijar. A unguwar da muke magana akwai pale uku, da samari kusan 60 masu zama a cikinsu.

## Wa ke riƙe da me

Tsaron cikin birni aikin ƴan sanda ne, suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Jandarma sun fi riƙe karkara da manyan hanyoyi, ƴan gardi kuma su ke tsaron gidan kaso da gine-ginen hukuma. Gwamna shi ne wakilin gwamnati a jiha. Birnin ya kasu da'ira biyar, kuma fitilun titi da magudanan ruwa da tsarin unguwanni suna wuyan ma'aikatar magajin gari. Wanda aka kama, mai gabatar da ƙara ne ke yanke ko za a gurfanar da shi. A dokar da ake aiki da ita a shekarun nan, ƴan sanda na iya tsare mutum awa 48, ba a ƙara wasu 48 sai da izinin mai gabatar da ƙara. Yaron da bai kai shekara 13 ba doka ba ta ɗora masa laifi, wanda ke tsakanin 13 da 18 kuma gaban alƙalin yara ake kai shi, bisa dokar 2014.

Mai unguwa yana ƙarƙashin Sarkin Damagaram. Dokar sarautun gargajiya ta 2015 ta ba shi ikon sulhu a kan rikicin al'ada da bashi da iyakar gida. Sara da fyaɗe da fashi ba sa cikin abin da aka ba shi. Wannan iyaka za ta dawo nan gaba.

## Bazarar 2020: farkon lamarin

A watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, a Nuwamba kuma ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Man da ake shigo da shi ta wajen Magarya da Matamaye ya yi wuya, teburan ruwa-ruwa da yawa suka tashi. Samarin da ke samun na abinci da na shayi daga kwalaben nan suka wayi gari hannu wofi.

Da bazara ta kama, ƴan pale ɗaya suka fara zama bakin famfon ƙasa da sunan shirya layi. Farko dala biyar suke karɓa a kan kowace kurar ɗan ga-ruwa. Daga nan suka fara sa bidunan wanda ya biya a gaba, suna ture na mata baya. Pale ta biyu ta ce famfon a ƙasarta yake. A watan Mayu aka yi faɗa biyu da adda a bakin ramin, aka kai mutum uku asibiti. Ƙwacen waya a kan hanyar duwatsu ya zama ruwan dare. Ba wanda ya kai ƙara: ƴan ga-ruwa suna ganin yinin da za su ɓata a komisariya ya fi kuɗin da aka karɓe musu, iyayen ƴan mata kuma suna tsoron a san gidan da ya yi magana.

Mai unguwa ya je komisariya da baki sau biyu. An karɓe shi da mutunci, an ce za a duba.

## Ƙarshen 2020: kamen kan mai uwa da wabi

A watan Nuwamba motocin ƴan sanda biyu suka shigo wajen ƙarfe 11 na dare. Aka kwashe duk namijin da aka tarar a waje ba katin ɗan ƙasa a aljihu, mutum 41. A cikinsu akwai ƴan ga-ruwa masu jiran ruwa, ɗaliban da ke bita a ƙarƙashin fitilar wani kanti, da ƴan fadar shayi. Waɗanda ake nema ba a samu ko ɗaya ba. Hasken mota ana hango shi tun daga kwalta, waya ɗaya ta isa, kuma mai gudu cikin duwatsun da ya girma a cikinsu ba a bin sa da takalmin aiki.

Babu mai ƙara, babu shaida, babu makami a hannun kowa, don haka kafin awa 48 ta cika an sallami kusan kowa. Lokacin kuma na shirin zaɓe ne, na ƙananan hukumomi ranar 13 ga Disamba da na shugaban ƙasa ranar 27 ga wata, kuma ƴan takara na buƙatar samarin da za su cika fili su riƙe tuta. Ƴan kaɗan da aka so a riƙe sai ga masu zuwa roƙo a kansu.

An sake irin wannan kame sau biyu kafin Fabrairu 2021. Bayan kowanne, famfo yakan yi shiru kwana huɗu ko biyar. Abin da ya saura ya fi wannan daɗewa. Iyayen da suka ci bashi suka bai wa masu shiga tsakani don a sako ƴaƴansu sun daina ganin ɗan sanda a matsayin wanda ake kira. Ɗaliban da suka kwana a tsare ba laifi sun fito da ɗaci, biyu daga cikinsu ba su koma lakwal ba. Ƴan pale kuma suka shiga neman wanda ya kai tsegumi, suka yi wa wani mai shago dukan da ya sa ya bar unguwar.

## 2021: ƴan banga

A watan Maris 2021 dattawa suka kafa ƙungiyar ƴan banga: mutum 24, kashi biyu, kowane kashi dare ɗaya. Kayan aikinsu tocila da usur da gora. Aka yanka wa kowane gida dala ashirin a mako, wanda a lissafin gidaje 400 jika 40 ke nan. Wata biyu na farko haura katanga da satar awaki sun ragu sosai, mata suka koma zuwa famfo rukuni-rukuni.

Abubuwa uku suka karya tsarin. Na farko, magidanta masu fita neman abinci da safe ba su iya jure kwanan tsaye, sai aka cike gurbinsu da samari majiya ƙarfi, takwas daga ciki ƴan pale ɗaya ne. Gorar da aka ba su don tsare unguwa ta zama ta korar abokan gaba daga famfo, da izinin dattawa a wannan karon. Na biyu, kuɗi. A wata na uku abin da ake tarawa bai wuce rabi ba, kuma gidajen bulo ne ke biya. Daga cikin kuɗin, kwamitin unguwa ya riƙa sayen lita biyar na esansi don motar sintirin ƴan sanda ta leƙo. Motar takan zo, ta zaga layukan da take iya shiga, waɗanda su ne na masu biya, ta koma. Lungunan duwatsu ba su gan ta ba ko sau ɗaya.

Na uku shi ne ya rufe maganar. A watan Yuli aka kama wani yaro ɗan shekara 14 bisa zargin satar waya. Aka ɗaure shi a jikin itace har safe, aka karya masa hannu, wayar kuma aka same ta a wani wuri. Mahaifinsa ya kai ƙara, aka gurfanar da ƴan banga uku. Damina ta sauka, sauran suka tafi gona, ƙungiyar ta watse ba wanda ya ce a sake ta.

## Farkon 2022: sulhu da rabon babura

Wata ƙungiya mai zaman kanta ta zo da shirin wata uku. Aka tara shugabannin pale a ƙofar mai unguwa gaban limamai, suka yi alkawarin ajiye makami. Aka ɗauki samari 30 aikin yashe magudanan ruwa ana biyansu kullum, aka ba da babura shida don kabu-kabu.

Aikin magudana ya yi amfani muddin ana biya. Matsalar tana wajen rabo: shugabannin pale aka bai wa takarda su rubuta sunaye. Shugaban da a da yake riƙe yaransa da tsoro, yanzu ya zama mai raba aiki da babur, kuma yana yankar kasonsa daga ladan kowa. Samarin da ba sa cikin kowace pale suka lura cewa mai adda ake kira taro, har wasu goma suka kafa tasu don a ƙidaya da su. Kafin wata shida an saida babura biyu, ɗaya ya lalace ba mai gyara.

A cikin wannan lokaci wani saurayi ya soki ɗan ga-ruwa a cinya. Don kada a ɓata sulhun da aka ƙulla, aka sasanta a zaure: dangin mai laifi suka biya kuɗin magani, aka roƙi wanda aka soka ya bar wa Allah. Ya bari.

## Azumin 2022 da abin da ya biyo baya

Azumin 2022 ya faɗo a watan Afrilu, tsakiyar zafi. Mata na fita ɗibar ruwa kafin sahur. A cikin goman tsakiya aka tare wata yarinya a hanyar duwatsu, wani ɗan ga-ruwa da ya kawo mata ɗauki aka sare shi a kafaɗa. Cikin waɗanda aka gane har da saurayin da aka yi wa sulhu a zaure.

Washegari mata sama da 50 suka ajiye bidunansu wofi a ƙofar mai unguwa, suka ce ba mai sake fita da dare, kuma ba mai ɗora tukunya. Mai unguwa ya rubuta takarda a wannan karon, kwafi uku: komisariya, ofishin da'ira, da fadar Sarki. A zaman da aka yi bayan salla, komisariya ta ware jami'i ɗaya da sunansa da lambar wayarsa ya riƙe unguwar. Abin da aka yi daga nan ya ɗauki wata takwas, kuma ba a yi shi a lokaci ɗaya ba.

Littafi. Wani malamin lakwal mai ritaya da shugabar ƙungiyar mata suka buɗe littafi mai gida biyar: rana, awa, wuri, abin da ya faru, makamin da aka gani. Sunayen waɗanda ake zargi ba sa shiga wannan littafi, suna cikin wani dabam da ke kulle a wajen mai unguwa, jami'in kaɗai ke gani. Sunan mai kawo labari kuwa ba a rubuta shi ko'ina. Cikin mako goma aka rubuta aukuwa 38. Guda 27 sun faru tsakanin ƙarfe 1 da 4 na dare a kan mita 300 ɗin nan. Cikin samari kusan 60, sunaye bakwai ne ke ta dawowa a duk inda aka zare makami: manya biyar, yara biyu ƴan ƙasa da 18.

Bin ƙara har ƙarshe. Nan ne aikin ya fi wahala, nan ne kuma ƙararrakin baya suke mutuwa. Kwamitin ya tsara matakai, ya kuma ware mutum biyu masu rakiya, namiji da mace. Wanda aka ji wa rauni asibiti ake fara kai shi. Daga komisariya a karɓo takardar da ke neman likita ya duba shi, likita ya rubuta irin raunin da yawan kwanakin da mutum ba zai iya aiki ba, domin a kan wannan takarda alƙali ke auna nauyin laifin. Idan fyaɗe ne, a isa asibiti kafin awa 72 saboda maganin kariya daga ƙanjamau, kuma kada a wanke tufafin da ke jikinta, a naɗe su a takarda. Wajen ba da bayani, mai rakiya ya nemi a karanta wa mai ƙara abin da aka rubuta da Faransanci, a fassara masa da Hausa, kafin ya dangwala yatsa. A rubuta lambar takardar da ranar da aka tura ta wajen mai gabatar da ƙara. Ranar zama a kotu, asusun ƙungiyar mata ya biya wa shaida kuɗin kabu-kabu da ladan yinin da ya rasa, dala ɗari uku. Kafin a fara wannan biya, shaidu biyu sun ƙi zuwa, kuma ba tsoro ne ya hana su ba: gidansu ba ya cin abinci ranar da ba su tura kura ba.

Wani abin da ya kawo jinkiri shi ne shekaru. Ɗaya daga cikin yaran biyu ba shi da takardar haihuwa, kamar yara da yawa da aka haifa a ƙauye. Sai da aka nemo masa hukuncin kotu mai maye gurbinta, da shaidu biyu daga garinsu, kafin a tabbatar gaban alƙalin yara zai je.

Kame da suna. An kama shida cikin bakwai a gidajensu da sassafe, cikin mako uku, kowanne a kan ƙarar da ke da mai ita da takardar likita. Na bakwai ya bi motar Agadas. Cikin manya huɗu da aka gurfanar an ɗaure uku, aka sallami ɗaya saboda shaida ta gaza. Yaro ɗaya alƙali ya damƙa shi ga kawunsa da sharaɗin koyon walda da bayyana gabansa a kan kari, ɗayan aka tsare shi a sashen yara. An zo roƙo wajen mai unguwa kamar yadda aka saba. Amsarsa ita ce maganar ta fi ƙarfin zaurensa, kuma gaskiya ya faɗa.

Sintiri. Aka bar mota. Jami'ai huɗu a kan babura biyu, su ajiye su bakin kwalta su shiga da ƙafa. Mai famfo ne ke kiran jami'in da zarar ruwa ya iso, don haka sintirin na bin ruwa, daren da babu ruwa ba a ɓata mai. Kuɗin esansi aka sa shi cikin kasafin da'ira, aka hana karɓar ko dala daga hannun mazauna.

Fitila da tanki. Ma'aikatar magajin gari ta kafa fitilu takwas masu aiki da hasken rana, tazarar kusan mita 40, irin waɗanda batirinsu ke sama tare da faranti. Masu akwatin batir a gindin ƙarfe ba sa wata uku ba a ɓalle su ba. Da hunturu ƙura kan rufe faranti fitila ta mutu tun tsakar dare, don haka aka ɗora wa samari biyu shafe su duk mako biyu. Sannan aka girka tankunan roba biyu masu cin lita 5,000 kowanne a kan dakalin siminti, da bawul mai rufe kansa idan tanki ya cika. Lita 10,000 bido 400 ne na lita 25, wato bido ɗaya ga kowane gida. Bai isa wanka da wanki ba, amma ya isa sha da girki, kuma ana saida shi daga ƙarfe 6 na safe. Ƴan ga-ruwa sun ci gaba da layin dare. Mata da yara sun daina.

Sana'a. Aka zaɓi samari 18 ta hannun iyaye da limamai da malamai, ba a bi ta kan shugabannin pale ba. Aka raba su wajen masu walda, gyaran babur, ɗinki da haɗa lantarkin rana. Kayan aiki suna hannun maigidan sana'a har wata tara, sannan su zama na yaro. Kuɗin abinci dala ɗari a rana, ana biya ranar Juma'a bisa kwanakin da aka zo. Mako biyu na farko su ne masu haɗari ga wanda ya saba da tiramol: ciwon jiki, rashin barci, zufa da saurin fushi. Uku sun gudu a wannan lokaci kafin a gane cewa sai an haɗa su da ma'aikacin lafiya tun ranar farko. Wasu iyayen gida kuma sun mai da yaran ƴan aike, sai da mai rakiya ya riƙa leƙawa ba sanarwa. Mutum 11 suka kammala.

Daga Janairu zuwa Mayu 2023, wato har cikin bazara, littafin bai wuce aukuwa biyu ko uku a wata ba, kuma babu sara ko ɗaya a hanyar famfo.

## 2023 zuwa 2024: gwaji

Ranar 29 ga Mayu 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, ribar ruwa-ruwa ta tafi. Ranar 26 ga Yuli aka yi juyin mulki, aka rufe iyaka, a farkon Agusta kuma Najeriya ta yanke wutar da take turowa, kayan masarufi suka yi tsada. Unguwar ta shiga duhu kamar sauran gari, sai dai fitilu takwas ɗin nan ba ruwansu da layin wuta. A ƙarshen shekara aka yi wa jami'in canjin wurin aiki, ya tafi da lambar wayarsa, wanda ya gaje shi bai tarar da wata takarda da ke bayanin tsarin ba. A watan Afrilu 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo, kuɗin esansin sintiri ya tsaya wata biyar.

A cikin waɗannan watanni aukuwa ta hau zuwa takwas ko tara a wata. Kusan duka ƙwacen waya ne da satar babur a bakin kwalta. Hanyar famfo ta samu biyu kawai. Fitilu biyu sun mutu, bawul ɗin tanki ɗaya ya lalace har ruwa ya riƙa zuba, sai da mata suka yi karo-karo aka sauya shi. Ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗaure ya gama wa'adinsa ya dawo, ba sana'a, ba mai ɗaukarsa aiki, ya koma zama wajen ɗaga ƙarfe. Cikin pale ukun farko, biyu sun zama fadar shayi, ta uku tana nan da ƴan yara sababbin tashi.

## Abin da lamarin ya nuna

Kamen dare ya gaza ne domin ya ɗauki samari 60 a matsayin masu laifi alhali bakwai ne masu sara, kuma ya ɓata wa hukuma abin da ta fi buƙata, wato mutanen da za su yarda su yi shaida. Ƴan banga sun gaza domin an miƙa ikon kama mutum da dukansa ga wanda ba ya amsa tambayar kowa. Sayen esansi daga aljihun mazauna ya fi kowanne muni a ganinmu, ko da yake shi ne ake yi da kyakkyawar niyya: daga ranar da unguwa ta fara biyan mai, sintiri ya zama na mai hali, talakan cikin duwatsu kuma ya biya haraji ya rasa tsaro. Sulhun zaure a kan suka da wuƙa ya wuce iyakar da doka ta yanka wa mai unguwa, kuma yarinyar azumin 2022 ce ta biya kuɗinsa.

Abin da ya yi aiki bai buƙaci sabuwar doka ko ƙarin runduna ba. Jama'a sun kawo abin da su kaɗai ke da shi: sanin awa da wuri da suna, da rakiyar mai ƙara. Sauran duka aikin hukuma ne tun asali, ɗan sanda mai suna da ake iya kira, ƙara mai isa gaban alƙali, fitila, da ruwan da ba sai an fita ƙarfe 2 na dare ba. Tankunan biyu sun rage haɗari fiye da kame uku, kuma su da fitilun ne suka tsaya lokacin da komai ya girgiza, saboda ba su dogara da zaman mutum ɗaya a kujera ba.

Raunin tsarin ma a fili yake. Sintirin ya rataya ne a wuyan jami'i ɗaya da layi ɗaya na kasafi, duka biyun suka tafi cikin wata biyar. Da lambar wayar ta ofis ce, da tsarin a rubuce yake cikin takardun miƙa aiki, da gibin bai kai haka ba. Ba a kuma yi wa masu fitowa daga kaso wani tanadi ba, alhali ranar fitowarsu sananniya ce tun ranar da aka yanke hukunci. Sauran biyun za su fito su ma. A daminar 2024 kwamitin ya kai wa mai riƙon da'ira takarda mai buƙata uku: a gyara fitilu biyu, a mayar da kuɗin esansi cikin kasafi, a buɗe hanya ɗaya mai faɗin mota daga kwalta zuwa famfon ƙasa, wadda za ta ci katangar gidaje tara. Masu gida bakwai sun amince in za a ba su fili a madadi, biyu sun ƙi.